Ƙofar Bayan Silimarmu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau kwamitin unguwa ya ɗora mini aiki. Tsohon gidan silimarmu da ya shekara arba'in da huɗu a rufe an gyara shi, ran ashirin da tara za a buɗe shi ya zama zauren taro, kuma ana so a raba ɗan littafin tarihinsa a ranar. Wai ni zan rubuta, tunda na ajiye koyarwa kuma ba ni da sauran aiki sai gyara wa mutane kuskuren rubutu a allon shagunansu. Ciyaman ne ya faɗi haka, aka yi dariya, ni ma na taya su. Ciyaman mai kemis ne, abokina tun muna yawo ba takalmi, shi ya sa yake samun bakin yi mini haka.

Ya miƙo mini takarda ɗaya da suka riga suka tsara, wai ta zame mini jagora. Shekarar gini, yawan kujeru, irin waɗannan. A ƙasa akwai layi guda: "An rufe gidan bayan turmutsutsun da ya ci rai uku, sakamakon sakacin mai tsaron ƙofa da ya kulle ƙofar baya."

Mai tsaron ƙofar nan Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ke ɗakin ya sani. Ciyaman ya ce ai ba a sa suna ba. Na ce a unguwar nan wa ke buƙatar suna? Ya ce in ba zan iya ba a ba wani. Na ninke takardar na sa a aljihu. Ni zan rubuta, kuma layin nan ba zai shiga littafi haka ba. Mai buga littattafai yana son a kai masa aikin ran ashirin da huɗu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Uwargida ta ce da na ƙi karɓa. Na ce in na ƙi, wa zai cire layin? Ta ce, "To Allah ya sa layin kaɗai za ka tarar a ciki." Ban tambaye ta me take nufi ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na shiga gidan. Rabona da cikinsa tun ina ɗan shekara goma sha shida. Masu fenti suna ta aiki, sun shafe komai fari fat, amma ƙafata ta san hanya. Ga 'yar tagar tikiti da sai ka sunkuya kamar mai roƙo. Ga inda bencinan gaba suke, na masu araha, inda wuya ke ƙagewa. Ga ramuka biyu a bangon sama da haske ke fitowa. An bar layi shida na tsofaffin kujerun katako don tarihi, masu naɗewa su buga da ƙarfi idan mutum ya tashi. Na taɓa ɗaya a layi na huɗu, ta buga, wani mai fenti ya kusa faɗowa daga tsani.

An sa sabuwar ƙofar baya, irin wadda ake turawa ta buɗe waje. Ƙarfen da ake zura sarƙa a ciki yana nan a bango. Babban mai fentin ya ce sun yi sun yi ya ƙi fita, sai suka shafe shi da fenti. Na ce su bar shi.

Na auna faɗin ƙofar da taku. Taku biyu ne da rabi. Ban san amfanin da wannan zai yi a littafi ba, na dai rubuta.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je gaida Yaya. Ƙafafun sun ƙara kumbura, matarsa ta ce kwana uku bai fita rumfarsa ta gyaran keke ba. Tun da ya dawo daga gidan yarin da ya yi wata goma sha takwas saboda abin nan ya koma can ƙarshen gari da zama, kuma ko jana'iza ce ta kawo shi unguwarmu sai ya zagaya ta bayan makaranta, don kada ya bi titin silima. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi.

Mun yi hirar tsadar tayar keke. Da na tashi tafiya ya ce, "Na ji an ba ka rubutu, Auta." Ina da furfura da jikoki huɗu, amma a bakinsa har yanzu Auta nake. Na ce e. Ya ce, "To, a yi rubutu mai kyau." Ya juya fuskarsa bango.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Mai injin haska fim na silimar yana raye, wa zai ce. Ya haura tamanin, kunne ɗaya ya tafi, bakin kuwa yana nan daram. Awa biyu yana ba ni labarin injinan nan biyu kamar 'ya'yan cikinsa. Na dama mai haƙuri ne, na hagu kuma ɗan banza ne mai cin fim. Ya ce in fim ya tsufa yakan maƙale a gaban fitila, zafi ya narka hoto ɗaya, abin da bai fi babban yatsa ba. Amma a allo sai ka ga kamar bango gaba ɗaya ya kama da wuta, ya yi ja, ya yi ƙuraje, ya huje. Sai ya kashe fitila ya yanke wurin ya liƙe, minti biyu an ci gaba. Ya ce a mako sai a yi haka sau uku.

Yana dariya ya ce, "Ku kuwa masu kallo a ƙasa, da kun gani sai ku fara naku shegantakar."

Na tambaye shi nauyin gwangwanin fim guda. Ya dube ni, sannan ya faɗa mini nauyin.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shafi shida sun kammala, duk na farkon gida ne. Farkon yana da daɗin rubutawa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina bin tsofaffin unguwa da littafi da biro. Kowa bakinsa cike. Mai aski ya ce a silima ya koyi gyaran gashin da ya ci abinci da shi shekara talatin. Direba ya ce sau goma sha ɗaya ya kalli fim ɗaya ko jarumin zai tsira a wani karon. Tela ya tuna yadda Yaya yake gane yaron da ya sato kuɗin cefane ya zo kallo, ya mayar da shi gida da kunne a hannu. Na rubuta wannan har da ja masa layi.

Amma da na kawo maganar ranar nan, sai abin mamaki. Na ƙirga, mutum goma sha huɗu na tambaya. Tara sun ce a daidai lokacin sun fita fitsari. Uku suna zazzaɓi a gida. Biyu ba su tuna ba. Bayan gidan silimar nan mutum biyu yake ɗauka, ni shaida ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi wa direba magana mai zafi. Da na dawo gida na tuna babu wanda ya tambaye ni inda nake a lokacin.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau na samu abin da nake nema. Matar da ke sayar da tikiti a da tana zaune a gidan ɗanta, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Ta ce mai gidan silima da kansa ya sa dokar sarƙa tun shekarar farko, saboda masu shigowa ta baya ba tikiti. Makulli kuma ba ya hannun Yaya. A ƙusa yake rataye cikin ofishin mai gida, sai saura minti goma a tashi Yaya ya hau sama ya karɓo. Ta ce ta faɗi haka a wancan lokacin, aka ce mata ta koma tagarta.

Na rubuta kalma da kalma, cike da murna. Na ce, "Hajiya, kin wanke Yaya." Mai gidan ya daɗe da rasuwa, ga inda laifi zai koma.

Ta ce, "Malam, shekara goma sha bakwai ƙofar nan tana kulle kullum, ko akuya ba ta mutu ba. In tarihi kake rubutawa, ka rubuta abin da ya tayar da mutane daga kujerunsu."

Na ce mata lokaci ya ƙure, zan dawo.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

An kwantar da Yaya a asibiti. Likita ya kira ni gefe ya yi magana a hankali. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai wa Ciyaman maganar makulli a kemis. Ya jira sai da mai sayen maganin tari ya fita, sannan ya ce 'ya'yan marigayi mai gida ne suka yi rufin zauren da kujerunsa, babbansu ne ma zai yanke ƙyalle ranar buki. Ta yaya za a miƙa masa littafin da ke zagin ubansa? Ya ce mu raba: a cire Yaya, a cire mai gida, a rubuta "wani hatsari" kawai. "A bar kaza cikin gashinta, Malam."

Na so in yarda, wallahi na so. Da yanzu na gama. Amma shekara arba'in da huɗu ana cewa Yaya ne, yaran da aka haifa jiya ma haka suka taso suka ji. In littafi ya yi shiru, maganar da ke bakin mutane ita za ta zauna. Na ce masa ban yarda ba. Ya ce taurin kaina ne ya hana ni zama hedimasta. Na ce ƙwarai kuwa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta a nan tukuna, in ga ko hannuna zai iya.

Muna da wani wasa, mu 'yan unguwa. Duk sa'ad da hoto ya ƙone a allo, sai wani ya miƙe ya ƙwala ihu, "Gobara!" Sai kowa ya ɗauka, ana buga kujeru, ana ihun a kawo ruwa, ana dariya har mai inji ya liƙe fim ɗinsa. Wanda ya riga kowa yin ihun shi ne gwani a ranar. Ba wanda ke motsawa daga wurinsa, don kowa ya san abin da bai fi yatsa ba ne ke ƙonewa. Ban san wanda ya ƙirƙiro wasan ba, mun taso mun tarar da shi.

Ranar nan kamfanin da ke shimfiɗa sabon titi ya saya wa leburorinsa tikiti, kusan mutum ɗari biyu, baƙi daga nesa. Da yawansu ba su taɓa shiga silima ba. An zaunar da su a baya. Mun yi ta yi musu dariya yadda suke kaucewa in mota ta taho a allo. Da hoton ya yi ja, sai aka yi ihun kamar kullum. Mu muna dariya, su suna gudu. Ƙofar da ta fi kusa da su ita ce ta baya. Yaya ya kutsa cikinsu yana cewa ƙarya ce, ba wuta, wa zai ji shi a cikin bugun kujeru? Kafin ya hau sama ya sauko da makulli, an danne uku a jikin ƙofa.

Na rubuta "aka yi ihun". Na koyar da yara shekara talatin da biyar cewa kowane aiki yana da mai yin sa. Shayina ya huce, bari in tashi.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ni na fara. Ina layi na huɗu, na riga kowa, har na juya ina neman a yaba mini.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa wa uwargida. Ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta ce tun shekarar aurenmu take jin ina yin ihun nan cikin barci. Ta ce ta yi zaton ranar da na shirya zan faɗa, ba ta san sai jikoki sun zo ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na rubuta shafin. "Mu mutanen unguwa muna da wasan da muka saba." Ya fito a layi goma sha biyu. Jibi kwamiti zai zauna.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na karanta wa 'yan kwamiti, cikinsu har da mai aski da direba da tela. Shafukan farko sun sha yabo, mai aski har da tafi da ya ji labarin gashinsa. Da na kai shafi na goma sha ɗaya, mai maganar wasan nan, yabo ya ƙare.

Direba ya fara. Ya ce wane "mu"? Shi yana bayan gida. Tela ya ce yana da surukai a unguwar nan, ba za a buga a takarda cewa ya kashe mutum ba. Wani ya ce ina so in wanke ɗan'uwana da ruwan da zan watsa wa kowa. Na ce laifi tudu ne, kun taka naku kuna hango na Yaya shekara arba'in da huɗu. Na dubi Ciyaman na ce, "Kai dai kana gefena na dama, ka san abin da ya faru." Ya tsura wa takardunsa ido, ya ce a ɗaga hannu. Bakwai suka ce a cire shafin. Ni kaɗai na ce a bari. Ciyaman bai ɗaga ko ɗaya ba, wai shugaba ba ya zaɓe.

Na fito ban yi wa kowa sallama ba. Da ƙyar na ga hanya don fushi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yaya ya ɗan sha shayi. Saura kwana uku. Ba zan bari ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Da fushin ya sauka na ga inda suke da gaskiya. Ba ni da ikon yi wa wani iƙirarin laifi. Wanda ya ce yana bayan gida, shi da Allah. Amma babu kwamitin da zai hana mutum ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Na sake shafin. Na cire "mu" duk inda take. Na cire mai gida ma, na ce dai dokar gidan ce ƙofa ta zauna a kulle, makulli a ofis, ba a hannun mai tsaro ba, kamar yadda mai sayar da tikiti ta shaida. Sauran kuwa haka: "Akwai wasan da ake yi idan hoto ya ƙone. A ranar, ni mai wannan rubutu ni na fara ihun gobara, alhali na san babu wuta. Baƙin da ba su san wasan ba suka gudu. Mai tsaron ƙofa shi kaɗai ya shiga cikinsu don ya tsayar da su, kuma shi aka ɗaure."

Na kai wa Ciyaman kemis. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ya ce, "Ka san za a raba wa ɗalibanka wannan? Da jikokinka?" Na ce na sani. Ya ce, "Ba ka sa ni ba." Na ce wannan naka ne. Ya daɗe riƙe da biro, har na zaci zai ƙara wani abu a ƙasa. Bai ƙara ba, ya dai sa hannu a buga. Da zan fita ya cusa mini ledar magani ya ce in kai wa Yaya, kada in ce daga wurinsa ne.

Tsoro nake ji, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Amma na ci abincin rana na cinye, abin da na yi mako biyu ban yi ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai. Mai buga littattafai ya ce kwafi ɗari uku, ran Alhamis. Na tsaya a kansa har ya shigar da shafi na goma sha ɗaya, na duba harafi da harafi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na karɓi kwafin farko, ko gida ban biya ba na wuce asibiti. Ba na so ya ji a bakin wani. Matarsa ta ga fuskata, ta ɗauki flas ta ce za ta nemo ruwan zafi.

Na ce, "Yaya, zan karanta maka wani wuri." Ya ce to. Na karanta, muryata tana yankewa kamar ta yaron da aka tsayar gaban aji. Na gama na kasa ɗaga kai. Na shirya wa zagi, na shirya wa ya ce in fita.

Ya ce, "Ai na ji ka, Auta. Muryarka lokacin ta fara buɗewa, ko cikin mutum dubu zan gane ta."

Na ce tun ranar?

Ya ce, "Sau uku suka tambaye ni a kotu wa ya fara ihun. Na ce hayaniya ta yi yawa, ban ji ba. Jarrabawarka saura wata biyu."

Na yi kuka a gaban nas da mutumin gadon kusa, ban damu ba. Da na samu numfashi na ce, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya ce, "Jira nake kai ka faɗa mini. Ka daɗe."

Sai ya gyara kwanciya, ya ce in sake karanta masa wurin da aka ce shi kaɗai ya shiga cikinsu, amma a hankali, kuma in ɗaga murya mutumin gadon kusa ya ji. Na ɗaga murya na karanta.